Wa Ya Koro Ka?

Tambayar kakarmu ke nan duk sa'ad da yaro ya faɗo gida da gudu. Ba ta ɗaga murya. Sai ta dakata da tsintar shinkafar da ke kan faifai, ta dube ka tun daga ƙafa har zuwa ka, ta ce, "Lafiya? Wa ya koro ka?" In ka ce ba kowa, sai ta nuna maka zaure da haɓa: koma ka yi sallama, ka shigo kamar ɗan mutane.

Ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Amma tun ranar da muka kai Kawu makwancinsa tambayar ta dawo mini, ta ƙi tafiya, ita da kalmar da ke kwance a ƙarƙashinta, wato gudu. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, autan wannan tsohuwa. Shi ne kuma mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gudu ba tare da kowa ya koro shi ba, sannan ya ƙarar da sauran kwanakinsa yana kallon masu gudu da irin idon da wasu ke kallon 'ya'yan cikinsu.

Bahaushe bai amince da gudu ba. Ka saurari bakinmu ka ji. Kalmomin ba su yi mana kaɗan ba: ya sheƙa, ya ruga, ya falfala, ya arce, ya cika wandonsa da iska, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya ranta a na kare. Kusan kowace da 'yar dariya a cikinta, kuma mai gudun ake yi wa. Wanda ya ranta a na kare ma ba a bar masa gudun ya zama nasa ba, rance ya karɓo wurin dabba. Ɓarawo ke gudu, da wanda bashi ya yi wa katutu, da yaron da ya fasa tulu. Masu iya magana sun ce gudu gadon matsoraci ne. Sun ce gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato. Ko jarumin da ake wa laƙabi da ƙi-gudu ba su ƙyale shi ba, sun ce in ka gan shi tsaye, sa-gudu ne bai zo ba. A wurinsu kowane gudu da mai shi a baya. Shi ya sa ba a tambayar mai gudu ina za shi, abin da ya baro ake tambaya.

Ka bi waƙoƙin makaɗan maza, irin waɗanda Ɗan Anace ya yi wa Shago, za ka tarar tsayuwa ake yabo: wanda ya kafe a fage, wanda ba ya ja da baya, wanda ake dawowa a iske shi inda aka bar shi. Sarki ba ya sauri, takawa yake yi, ana yi masa sannu. In akwai gudu a fada, an bar wa doki da zagi. Malamai kuma sun koya mana ko an ta da iƙama kada mu ruga masallaci, mu taho cikin natsuwa, abin da muka samu mu yi, wanda ya wuce mu cika. Ta kowace ƙofa ka leƙa, mutumci a tafiyar sannu yake.

Har ranar da masu labarin wasanni a rediyo suka nemi sunan da za su ba doguwar tseren nan ta Turawa, wadda ake yin kilomita 42 da 'yan kai, me suka samo a cikin taskar harshen? Gudun ya-da-ƙanin-wani. Ka tsaya ka dubi hoton da ke cikin sunan. Gari ya tashi, kowa na ta kansa, an goya maka ƙanen wani, nauyi ya ishe ka, ka kwance shi ka yar a hanya don ka tsira. Suna ne mai daɗi a baki, ina son sa, amma sunan ranar masifa ne. Mutum ya sa rigar wasa, ya tsaya a layi da son ransa, mu kuwa muka ba gudunsa sunan tsira.

Mu da muka tashi a zango, abin ya fi yi mana ƙarfi, don sunan unguwarmu kansa tsayawa yake nufi. Kakannin kakanninmu fatake ne masu zuwa Gwanja neman goro, kuma ayari da takun jaki yake tafiya. Madugu ba ya son mai gaggawa. Inda rana ta yi, a sauke kaya, a ɗaure dabbobi, a yada zango. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kasuwar can ta watse, wasu suka koma Kete-Krachi, wasu suka gangaro har bakin teku, inda hanya ta ƙare don ba sauran ƙasar takawa. A wannan gaɓar ce, a nan Baguida ta ƙasar Togo, Gustav Nachtigal ya kafa tutar Jamus a watan Yulin 1884, kuma nan ne mazaunin mulkinsu na farko kafin su koma Zebe kusa da Aneho, daga baya Lome a 1897. Fataken da suka iso Lome suka yi zangon da bai tashi ba. Aka haifi 'ya'ya, aka haifi jikoki, suna jin Hausa a gida, Mina a kasuwa, Faransanci a lakwal. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, su ne shaidarta.

Cikin irin wannan gida aka haifi yaron da ƙafarsa ba ta san sannu ba. Inna, mahaifiyata, ta ce tun yana ƙarami ba a aikensa sau biyu, kuma ba a aikensa da abu mai zuba. Malamin motsa jiki na makarantarsu ne ya fara lura da shi, ya riƙa kai shi bakin teku da sassafe yana sa shi gudu a cikin rairayi, inda ƙafa ke nutsewa, kowane taku sai ka ƙwace shi. Da ya shiga jami'ar Lome, wadda aka buɗe a 1970 da sunan Jami'ar Benin kafin a sauya mata suna a 2001, 'yan zango da suka kai can ana iya ƙirga su da yatsu. Ya yi mata gudun mita 400 a gasannin ɗalibai, shi ne kuma na uku a jerin mutum huɗun da ke gudun miƙa sanda.

Kaka ba ta ji daɗi ba. Gajeren wandon ya dame ta, ɗan gidan malamai cinya a waje gaban jama'a. Amma abin da ya fi ɗaure mata kai wani ne daban. Inna ta sha ba mu labarin ranar da ta zaunar da shi.

"To, Auta, in ka gama gudun nan, ina kake isa?"

"Inda na tashi, Iya. Zagaye ɗaya ne."

"Inda ka tashi?"

"Nan dai."

Ta yi shiru, ta juya goron da ke bakinta, ta ce, "Allah ya shirya." Ita 'yar fatake ce. Ta san tafiyar da ake kwana arba'in ana yi don a dawo da kaya. Tafiyar da za a zuba ƙarfi duka a cikinta, a dawo wuri ɗaya hannu rabbana, ba ta da gurbinta a kanta.

Shi kuwa ya san abin da ke cikin zagayen nan, kuma in yana ba da labarinsa har muryarsa takan sauya. Yakan ce mita 400 ba ta gajarta har ka yi ta da numfashi ɗaya ba, ba ta kuma yi tsawon da za ka yi tanadi ba. "Ɗari ukun farko bashi kake ci, ɗan nan. A ɗarin ƙarshe masu bashi ke zuwa." In ka fito daga kwana ta biyu sai ƙafafu su zama turame, hannu ya ƙi ɗaguwa, ka ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe, layin ƙarshe kuma ya riƙa ja da baya kamar wanda ake janyewa da igiya. A nan, in ji shi, kowa gudunsa raguwa yake yi. Wanda nasa ya fi jinkirin raguwa shi ke ci. Ban taɓa jin ya ce ya ci kofi kaza ba. Akwai wata 'yar lambar tagulla a cikin gwangwanin da yake ajiye allura da maɓallai, in yara suka ɗauko ta suna wasa ba ya hana su.

Abin da ya rataya a bango hoton wani ne, yankakke daga mujalla, ya yi ja don tsufa: John Akii-Bua na Yuganda yana tsallake shinge a Munik a 1972, ranar da ya ci zinariyar mita 400 mai shingaye cikin daƙiƙa 47.82, daga layi na ɗaya, layin da masu gudu ba sa so saboda tsananin kwanarsa. Kawu ya san labarinsa kamar na ɗan'uwa. Ya san bai samu kare kambinsa a Montreal a 1976 ba, saboda ƙasashen Afirka da yawa, har da Togo, sun ƙaurace wa gasar. Ya san a 1979, da mulkin Idi Amin ya zo faɗuwa, mutumin ya tsallaka Kenya da iyalinsa, ya zauna a sansanin 'yan gudun hijira. "Gudu biyu ya yi," in ji Kawu. "Na biyun kowa a zango ya gane shi, ba sai an yi masa bayani ba. Na farkon ne ba mu da sunansa."

Na daɗe ina ganin gaskiyarsa, har sai da wata kalma ta tsaya mini a maƙogwaro wata rana ina rubuta sunayen waɗanda suka kawo abin hannunsu a wani biki. Gudummawa. Muna faɗinta kullum, mun mayar da ita kuɗi a ambulan da buhun shinkafa da turmin atamfa, har mun daina jin abin da ke farkonta. Alhali ga shi nan a fili, ko kurma ya gan shi a rubuce: gudu. A da, in mahara suka faɗa wa gari, ko gobara ta tashi, waɗanda suka ji kururuwa suka rugo daga maƙwabta su ne gudummawa. Ba a kawo ta da takun ƙasaita. Ashe harshen bai rasa sunan gudun da ba na tsoro ba. Ya ajiye shi ne a inda ba ma dubawa. Akwai gudun da abin da ya sa shi yana gaba.

Kuma shi Kawu ya yi wannan tun kafin in iya karanta kalmar. A 1977 aka rushe tsohon zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka mayar da mutanensa can arewa wajen Togblekope, tazarar kilomita goma sha biyar. Unguwar da sunanta tsayawa aka ce mata tashi. Mafi yawa suka bi inda aka nuna musu, wasu gidaje suka watsu, namu ya gangaro gabas ya sauka Baguida cikin itatuwan kwakwa. Inna ta ce a kwanakin kwashe kaya ba ta ga Kawu a zaune ba. Ya ɗauki kwanon rufin wannan, ya koma ya ɗauko akwatin waccan, ya goya tsohon da ba ya iya tafiya har bakin mota. Bayan nan dangi suka rabu, masu haɗa katanga jiya suka zama sai an yi tafiya. Babu wayar hannu a lokacin. In an yi haihuwa, in an yi rashi, in ana neman ungozoma da tsakar dare, suna ɗaya ake kira. Rabin hanya a mota in an samu, rabi a ƙafa. Mutane da yawa a zangon arewa daga bakinsa suka fara jin mutuwar nasu, yana tsaye a ƙofar gida, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana jira numfashinsa ya daidaita kafin ya yi sallama. Wannan jiran ya koya wurin uwarsa. Ba a shiga gidan mutane da haki, ballantana da irin wannan saƙo.

Kaka ta sauko daga baya, ta wata hanyar da ba wanda ya zata. Allah ya nufe ta da sauke farali. Da ta dawo, ana ta zuwa yi mata barka, ana shan zamzam a ɗan ƙaramin kofi, sai ta sa aka kira shi. Ta ce tsakanin Safa da Marwa, a wurin da aka yi wa koriyar alama, ta ga dattawa masu furfura, malamai da attajirai, suna sassarfa, ba wanda ya koro su. Ta tambaya, aka tuna mata Nana Hajara ce ta yi kai-kawon nan sau bakwai tana nema wa jaririnta ruwa. "Ita ma inda ta tashi take komawa," in ji Kaka. Ba ta ƙara da komai ba. Mu jikoki ta ci gaba da yi mana tambayarta har ƙarshen ranta, amma shi ba ta sake yi masa ba.

Gwiwa ce ta fara ajiye shi, sai aikin koyarwa da iyali suka ƙarasa. Daga nan ya koma ɗan kallo, in dai kallo ne sunan abin da yake yi. Yana da 'yar rediyo mai jakar fata wadda ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Semassi ta Sokode ce ƙungiyarsa, kuma in za ta kara da Etoile Filante ta Lome, tun daren jiya ba ya cin abincin kirki. Yana bin kokawar takobi ta Nijar, yana bin damben Arewa, yana iya kwana yana gardama a kan wanda ya fi wani cikin mutanen da bai taɓa gani ba. Da aka buɗe filin Kegue a 2000, yakan tafi tun hantsi da ruwansa a gora da dardumarsa a hammata, ya yi azahar da la'asar a can. Amma ko ƙwallo ake yi, shi ƙafafu yake kallo. Sai ka ji ana ihun an ci, shi kuwa yana cewa, "Ka ga yadda yaron nan ya taso tun daga tsakiya? Shi ya ci ƙwallon, wancan sa ƙafa kawai ya yi."

Ranar 13 ga Yunin 2006 ba ta fita daga zangonmu. Koci Stephen Keshi, ɗan Nijeriya, ya kai Togo Gasar Cin Kofin Duniya karo na farko, Otto Pfister ya karɓe ta ya tafi da ita Jamus. Kawu ya ce wa dattawan majalisa, su da suka zo suka kafa mana tuta a nan Baguida, yau ga tamu a garinsu. Aka fito da talabijin aka ɗora kan benci a ƙofar shagon tela, aka kafa rumfa da zannuwa don hasken rana, ƙarfe ɗaya na rana aka take wasa da Koriya ta Kudu a Frankfurt. Minti na 31 Mohamed Kader, ɗan Sokode, ya kutsa tsakanin 'yan baya ya zura ta a raga. Ban ji ihun Kawu ba. Na dai ga benci ya girgiza, na ga mutum mai furfura, mai ciwon gwiwa, cikin jallabiya, ya miƙe layin nan tun daga shagon tela har bakin masallaci, ƙirji a gaba, gwiwar hannu a lanƙwashe, kai bai karkata ba. Silifa ɗaya ta tsaya a hanya. Mu da muka taso muna jin labari, ranar muka ga abin da ake faɗi. An kori kyaftin Jean-Paul Abalo bayan hutun rabin lokaci, Koriya ta rama ta ƙara, aka tashi biyu da ɗaya. Suwizalan da Faransa kowace ta ci mu biyu da nema. Ƙwallon Kader ita kaɗai Togo take da ita a wannan gasa har yau. Kawu ya yi mako guda yana ɗingishi, fuskarsa kamar ta ango.

Masu son ƙungiya muna ce musu magoya baya. Wannan ma kalma ce da muka goge da yawan faɗi. Goyo aikin uwa ne da yaya: ka ɗora a baya, ka ɗaure da majanyi, nauyinsa ya zama naka, in ya yi fitsari a jikinka zai yi. Sai na ga ashe ita ce kishiyar wancan suna na ya-da-ƙanin-wani. Can an kwance goyo don a tsira, nan an ɗaure shi alhali ba ɗanka ba ne, bai ma san kana duniya ba. Goyon Togo kuwa yana da nauyi. A watan Yunin 2007 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Lungi ta Saliyo da mutanen da suka raka ƙungiyar, har da ministan wasanni Richard Attipoe. Ranar 8 ga Janairun 2010 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a Kabinda, kan hanyarsu ta zuwa gasar Afirka a Angola. Mataimakin koci Amelete Abalo da jami'in watsa labarai Stanislas Ocloo suka rasu, mai tsaron gida Kodjovi Obilale ya samu raunin da ya raba shi da wasa. A daren nan Kawu ya kashe rediyonsa, abin da ban taɓa gani ba, ya zauna a tabarma har asuba. Abin da ya iya cewa kawai, "Yara masu ƙafa irin wannan, a rutsa su inda ba wurin gudu." Bayan kwana uku ya kunna ta. Bai kwance goyon ba. Da Togo suka kai zagayen kusa da kusa da na ƙarshe na gasar Afirka a 2013, kafin Burkina Faso ta fitar da su a ƙarin lokaci, ya yi sadakar ƙosai.

Yana da sanda. Gora ce ya yanke daidai santimita 30, tsawon da doka ta yarda, ya goge bakinta da kwalba, gumin hannuwa ya mayar da ita baƙa kamar an shafa mata mai. Bayan sallar asuba yakan tara yaran zango da na maƙwabtanmu Ewe masunta, ya kai su bakin ruwa, ya ja layi da diddige. Ba gudu yake fara koya musu ba, karɓa yake koya musu. Yakan ce a gajeren gudun miƙa sanda mai karɓa ba ya duba baya, hannu kawai yake miƙawa. Amma a na mita 400 dole ka waiwaya, don wanda ke tahowa ya ƙare, idonsa ya rufe, ba shi da sauran ƙarfin da zai nemi hannunka. Kai za ka dube shi, ka auna abin da ya rage masa, ka rage saurinka daidai da nasa, ka zare sandar daga hannunsa. "Ba shi zai ba ka ba, kai za ka karɓa." Ga waiwaye a cikin gudu wanda ba ya kawo mugun zato. Na ga yaran da ba sa jin yaren juna suna yin wannan, ɗaya na haki, ɗaya na kallonsa da hannu a buɗe, teku na bugawa a gefensu.

Filin nasa babu shi yanzu. Igiyar ruwa a gaɓarmu daga yamma take kwaso rairayi tana kaiwa gabas. Tun da aka gina tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda aka buɗe a 1968, katangarta ke tare rairayin a wancan ɓangare, mu da ke gabas teku ya koma cin namu. Ya ci kwakwa, ya ci gidaje, ya ci tsohuwar hanyar Aneho. Inda Kawu ke jan layi da diddige, yau baƙin dutse ne da kumfa. Kowace shekara yakan matsar da layinsa baya kaɗan, har ya zama ba sauran inda za a matsa. Ban taɓa jin ya ce teku ya kore shi ba. Cewa yake yi filin ya gajarta.

Kallon ƙarshe da muka yi tare na tsakar dare ne, a watan Agustan 2016, lokacin gasar Rio. Ciwon suga ya riga ya taɓa masa ido, sai ya matso da kujera dab da gilashin, ni kuma ina faɗa masa wanda ke gaba. Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu aka ba layi na takwas, can gefe, inda mai gudu ke tashi a gaban kowa, ba ya ganin kowa, bai san ko an kusa kama shi ba. Ya gama cikin daƙiƙa 43.03, ya karya tarihin da Michael Johnson ya kafa tun 1999. Da aka nuno mai horar da shi, Ans Botha, tsohuwa mai shekara 74 da farin gashi, Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya ce da Iya na nan da ya nuna mata sa'arta. Can kuma ya yi shiru, ya ce, "Layi na takwas. Ba wanda yake bi, ba ya ganin mai bin sa. Wannan shi da zagayen ne kawai." Ya nemi in sake faɗa masa lokacin, na faɗa, ya maimaita a hankali kamar mai tilawa.

Daga baya duniyarsa ta riƙa tsukewa kamar filinsa: daga Kegue zuwa majalisa, daga majalisa zuwa zaure, daga zaure zuwa gado. Rediyon tana gefen matashinsa. Ya cika da hantsi, aka yi masa sutura kafin azahar.

Mu ba ma jinkiri da gawa. Mutanen da ba sa gudu ko an ta da iƙama, in suka ɗauki makara sai ka ga takunsu ya sauya, ya wuce tafiya, bai kai gudu ba. Ba kuma mai riƙe ta har ƙarshe. Ka sa kafaɗa, ka yi taku goma ko ashirin, wani ya matso ta bayanka, ya dube ka, ya daidaita takunsa da naka, ya zare ta daga kafaɗarka ba tare da ta tsaya ba. Na ga mahauta da teloli da 'yan zemijan masu haya da babur, na ga dattawan da suka zo daga zangon arewa, na ga wasu ƙarti masu faɗin ƙirji daga unguwar masunta waɗanda ban gane su ba sai da na ga yadda suke miƙa hannu. Su ba su shiga sahun salla ba, sun tsaya daga gefe har aka idar, amma a hanya ba wanda ya hana su kafaɗa.

Ƙasarmu rairayi ce, ba ta kama kanta, sai an kwaɓa jar ƙasa an liƙe bakin itatuwan kafin a tura. Ana cikin liƙewa ruwan ya ƙare. Wani ya ɗaga jarka ya girgiza, ya ce, "A kawo ruwa." Akwai samari a wurin, da yawa. Ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina a hanya, na tattare babbar riga a kafaɗa, hula a hannu, rairayi na cika mini takalmi. Daga maƙabarta zuwa gida, da ma'aunin Kawu, bai fi zagaye biyu ba. Masu bashi suka zo mini tun kafin in kai shagon tela. Na faɗa zaure ban tsaya numfashina ya daidaita ba, na ratsa matan da ke zaune a tabarmi.

Inna na jingine da bango, carbi a hannu, idonta ya kumbura. Ta ɗago ta dube ni tun daga ƙafa har zuwa ka.

"Lafiya? Wa ya koro ka?"

"Ba kowa, Inna. Ruwa ake nema."

Ta nuna mini randa da haɓa, ta ce wa wata yarinya ta ɗauko jarka mai marfi, don kada ya zube a hanya.